A Ofis An Ce Ba Na Kallon Mutane, A Gida An Ce Na Yi Tsaurin Ido

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 28, ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta da ke harkar lafiyar mata da yara. Na tashi a gidan da ko mahaifinmu ba ma iya ɗaga ido mu kalla idan yana magana. A ƙarshen shekarar da ta wuce shugabar sashenmu, wadda ba Bahaushiya ba ce kuma ta daɗe tana aiki a Ingila, ta zaunar da ni ta ce aikina ba shi da makusa a takarda, amma idan ina gabatar da rahoto kaina a ƙasa yake, muryata ba ta fita, har wani baƙo daga masu ba mu tallafi ya tambaye ta ko akwai abin da nake ɓoyewa a lissafin. Matsayin da nake sa rai sai aka ba wata da ta zo bayana. Abin ya yi min ciwo, na ƙudura zan gyara, na fara tilasta wa kaina kallon kowa ido cikin ido. To Anti, yanzu kuma wata sabuwa ta taso. Maigidana ya ce Hajiyarsa ta kai masa ƙorafi cewa tun da na samu aikin nan idona ya buɗe, wai ranar tana yi min magana na ƙura mata ido ko ƙiftawa ban yi ba. A ofis kuma wani abokin aiki ya fara turo min saƙonnin da ba na aiki ba, wai ya lura da irin kallon da nake masa. Wallahi ban san na yi ba. Na rasa inda zan sa idona. In koma yadda nake in haƙura da ci gaba, ko in ɗore a ce ba ni da tarbiyya?

Daga wata baiwar Allah a Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da haƙuri. A cikin duk abin da kika rubuto, wanda ya fi tsaya min a rai shi ne tambayar da baƙon nan ya yi. Mace ta riƙe amanar lissafi tsakaninta da Allah, a wayi gari a yi mata zaton ɓoye-ɓoye don kawai ta sunkuyar da kai, wannan abu ne mai ƙona zuciya, kuma ba laifi ba ne don ya dame ki. Sai dai ban yarda da yadda kika raba hanyar biyu ba. Ba sai kin zaɓi ɗaya tsakanin aikinki da tarbiyyarki ba. Shugabarki da Hajiya abu guda suke nema a wurinki, kowacce tana son ta ga alamar cewa kina sauraronta kuma kin ɗauke ta da muhimmanci. Inda suka saɓa shi ne alamar da kowacce ta saba dubawa.

Tarbiyyar da aka yi miki ba tawaya ba ce, kada wani taron bita ya sa ki fara kallonta haka. A cikin Sahihu Muslim, Amru ɗan Asi yana cewa da za a tambaye shi ya siffanta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ba zai iya ba, domin bai taɓa cika idonsa da kallonsa ba saboda girmamawa. Kin ga sauke ido a gaban wanda ake ganin girmansa yana da asali mai nisa. Kuma ba mu kaɗai ba ne a duniya. A wani bincike da aka fitar a 2013 an kwatanta mutanen Japan da na Finlan, aka tarar Japanawa sun fi ganin fuskar da ta kafe su da ido a matsayin mai fushi, wadda ba ta da daɗin tunkara. Shi kuwa baƙonku, da alama ya tashi ne inda uwa take ce wa ɗanta ya kalle ta idan tana masa magana, in ya kauda ido a ce ya raina ta ko yana ƙarya. Abin da aka tsawatar miki a kai kina ƙarama, shi a kansa aka yabe shi.

Zancen cewa mai ƙarya ba ya iya haɗa ido kuwa, ki cire shi daga ranki gaba ɗaya. Gaskiya ne mutane sun yarda da shi ko'ina: wani bincike na 2006 da ya ratsa ƙasashe 75 ya nuna ita ce alamar da aka fi ambata idan an tambayi mutane yadda ake gane maƙaryaci. Amma da masana suka tattara gwaje-gwaje sama da 100 a 2003 suka duba, sai suka ga kauda ido kusan ba shi da wata alaƙa da yin ƙarya. Hasali ma, idan aka ba mutane aikin bambance mai gaskiya da mai ƙarya ta hanyar kallo da sauraro, sukan dace ne a kimanin kashi 54 cikin 100 na hukuncin da suka yanke, wanda da kaɗan ya wuce canki-canka. Ƙwararren mayaudari shi ne ma zai kalle ki tar a ido ya rantse. Don haka zaton baƙon nan ba hujja ba ce a kanki. Abin da ba za mu iya musantawa ba shi ne, irinsa suna da yawa a wuraren da ake yanke shawarar kuɗi da ƙarin girma, kuma abin da suka yi imani da shi yana taɓa abincinki.

Yanzu bari mu yi wa shugabarki adalci. Ta kira ki ta faɗa miki gaba da gaba, ta kuma fara da yabon aikinki. Shugabanni da yawa da sun yi shiru, su tsallake ki, ki shekara kina tunanin ko asiri aka yi miki. Sannan ki sake duba maganarta: ta ambaci kai a ƙasa, ta ambaci murya. Ke kuma kika ɗauki ido kaɗai kika ɗora masa dukan nauyin. Akwai gaskiya a ƙorafinta da ba ta da alaƙa da al'adar kowa. Idan haɓarki tana kan ƙirji, muryarki takardar take zuwa, na bayan ɗaki ba zai ji ba. Kuma ba za ki ga wanda ya yamutsa fuska a kan wani adadi ba, ko wanda ya buɗe baki zai yi tambaya ya fasa, balle ki tsaya ki warware masa. Mai gabatar da rahoto yana buƙatar idonsa don ya karanta ɗakin, ba don ya burge kowa ba.

Inda aka samu tangarɗa shi ne tilastawar. Abin da Turawa suke nufi da haɗa ido ba ƙura ido ba ne, su ma ba sa jure shi. A 2016 an gwada mutane kusan 500 a gidan adana kayan kimiyya na Landan, aka tambaye su tsawon kallon da suke jin daɗinsa, sai matsakaicin ya tsaya a wajen sakan 3 da 'yan kai. Tun a 1967 wani masani mai suna Adam Kendon ya lura cewa a hira ta yau da kullum mai sauraro ne ya fi kallon mai magana, shi kuwa mai magana yakan kauda ido lokacin da yake haɗa zancensa, ya dawo da shi idan ya kusa kai aya, kamar yana cewa ga fili nan. Masu bincike a Jami'ar Kyoto ta Japan ma sun nuna a 2016 cewa kallon idon mutum yana rage saurin lalubo kalma idan maganar mai wuya ce. Kin ga idan kika kauda ido don ki yi tunani, ba rauni kika nuna ba, haka ƙwaƙwalwa take aiki. Wanda kuma ya tilasta wa kansa kallo, hankalinsa yana kan kada ya ƙifta, sai fuska ta ɗaure ba tare da ya sani ba. Ina kyautata zaton abin da Hajiya ta gani ke nan, kuma da shugabarki kika yi wa irinsa, ita ma sai ta tsargu.

Ga abin da nake so ki gwada a ofis. Kafin ranar gabatarwa, ki haddace jimlolinki biyu ko uku na farko yadda ba sai kin duba takarda ba, domin a nan ne mutane suke yanke hukunci. Ki buga rahoton da manyan baƙaƙe, ki riƙe shi daidai ƙirji maimakon ki shimfiɗa shi a tebur. Ki duba adadin, ki ɗago, sannan ki faɗe shi. Jimla ɗaya ga mutum ɗaya: ki faɗa wa wannan jimla, ki koma kan wancan da ta gaba, har ki zagaya ɗakin, kuma ki nufi wanda ya fi nisa da muryarki. Idan an yi miki tambaya, ki juyo da jikinki gaba ɗaya wajen mai tambayar, ki dube shi yana magana, ki gyaɗa kai, ki kauda ido gefe ki yi tunaninki, ki dawo da shi lokacin da za ki rufe amsar. Hannuwanki su zauna a inda ake ganinsu. Mu mata muna da ɗabi'ar murza bakin mayafi ko rufe baki da hannu idan kunya ta kama mu, to wannan ya fi sauke ido nuna fargaba a idon baƙo. Idan taron ta Zoom ne, ki tuna kallon kyamara shi ne yake isa gare su a matsayin haɗa ido, kuma can ne ma wuri mafi sauƙin koyo tunda ba idon kowa a gabanki. Ki sami abokiyar aiki mace da kika amince da ita ta ɗauke ki a waya kina gwaji na minti 2. Kallon farko ba zai yi miki daɗi ba, amma za ki ga abin da ba mai iya kwatanta miki da baki.

Na san akwai wata damuwa a ƙarƙashin wannan, ko da ba ki faɗe ta ƙarara ba, wato kallon maza. Umarnin runtse ido yana nan a Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31, kuma da maza aka fara kafin mata. Malaman fiƙihu sun yi bayanin kallo na buƙata, kamar wajen ciniki da ba da shaida da neman magani, kuma yana da kyau ki zauna da malamar da kika yarda da iliminta ki faɗa mata yanayin aikinki dalla-dalla don zuciyarki ta natsu. A aikace, ba a buƙatar ki zuba wa namiji ido kafin ya san kina tare da maganarsa. Ɗagowa kaɗan ki dubi fuskarsa, ko goshinsa idan idon ya yi miki nauyi, sannan ki koma kan takardar da ke tsakaninku, ya wadatar. Abin da ya fi ɗaukar saƙon shi ne fuskantar mutum. A cikin Shama'il na Tirmizi an siffanta Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da cewa idan zai juya yakan juya ne gaba ɗaya, kuma a Suratu Luƙman aya ta 18 an hana karkatar da fuska ga barin mutane saboda girman kai. Mace za ta iya fuskantar mutum sosai, bayanta a miƙe, muryarta a sarari, alhali idonta a tsare yake.

Shi kuwa abokin aikin nan, kada ki ɗauki laifinsa ki aza a kanki. Ya san ke matar aure ce. Zancen wai ya lura da kallonki ƙofa ce kawai ya samu, da babu ita da ya nemo wata. A nan ba na son ki dogara da ɗaure fuska ko kauce masa a hanya, domin mai son zuciya yakan fassara shiru yadda ya ga dama. Za ki ji masu horas da ma'aikata suna cewa kashi 93 cikin 100 na saƙo a jiki da murya yake, kalmomi kashi 7 ne kacal. Wannan adadi ya samo asali ne daga wasu ƙananan gwaje-gwaje na wani masani mai suna Albert Mehrabian a 1967 a kan kalma guda guda da ke nuna so ko ƙi, kuma shi kansa ya ce ba a kan kowace irin magana yake nufi ba. Akwai wuraren da sai an buɗe baki. Ki rubuta masa sau ɗaya, gajere, cewa ke matar aure ce kuma kada ya sake turo miki abin da ba na aiki ba. Kada ki ba da haƙuri, kada ki shiga bayanin yadda idonki ya yi. Ki adana saƙonninsa da amsarki. Idan ya maimaita, ki kai wa shugabarki ko sashen kula da ma'aikata. Game da sanar da maigida, ra'ayina shi ne ya ji daga bakinki ya fi ya tsinta a wayarki, kuma ya fi sauƙi idan kin riga kin aika amsar, kin nuna masa ita tare da saƙon. Amma ke kika san zafin zuciyarsa. Idan kina tsoron abin zai kai ga rigima a ofis ko a ce ki ajiye aiki, ki fara shawara da wata babba a gidanku da yake jin maganarta.

Mu dawo kan Hajiya, domin nan ne nake so ki fi sa natsuwa. Da ta ce idonki ya buɗe, ba kallon ranar kaɗai take nufi ba. Tsoro ne irin na iyaye, cewa aiki da albashi da cuɗanya da baƙi za su canja mata matar ɗa. Kallon ya zo ne ya tabbatar mata da abin da take ɗari-ɗari da shi. Kuma ki lura, ba ta ci miki fuska a gaban mutane ba, ta bi ta hannun ɗanta, wanda a wurinta kara ce ta yi miki. Ki tambayi kanki tsakani da Allah ko akwai wasu abubuwan da suka sauya ba ki ankara ba. Ko gaisuwar ta gajarce saboda kina sauri? Ko kina amsa mata a tsaye, jaka a kafaɗa, ita tana zaune? Ko waya tana hannunki kina leƙawa? Tsofaffinmu suna ganin waɗannan tun kafin su kai ga ido.

Ki zaɓi ranar da ba aiki, ki je mata da ɗan abin da kika san tana so, ki durƙusa ki gaishe ta cikakkiyar gaisuwa, ki zauna ƙasa da inda take, wayar tana cikin jaka. Kada ki buɗe da cewa ba ki yi ba, domin ta gani da idonta, musu zai zama ƙaryata ta. Ki ce mata kin ji abin da ya faru, ki roƙi ta yafe, sannan ki ba ta labarin kamar yadda kika ba ni: a wurin aiki an ce ba kya ɗaga kai har an hana ki matsayi, kina ƙoƙarin koyo ne abin ya biyo ki gida. Ki nemi ta sa ki a addu'a. Uwar da aka kawo wa matsala aka nemi albarkarta ba ta cika riƙe fushi ba, har ma tana iya komawa bayanki ta ji haushin waɗanda suka hana ki. Bayan haka ki koma mata yadda kuka saba, amma da sakin fuska. Sunkuyar da kai da baki a zumɓure ya fi tsaurin ido muni. Ki riƙa amsawa da "to Hajiya", "na'am", kina ɗan ɗagowa jefi-jefi ki ga yanayinta, don ko a gaban babba ido yana da aikin gane ko ta gaji, ko ba ta da lafiya, ko maganar ta ƙare.

Maigida kuma, ban ga inda kika ce kin faɗa masa abin da ya faru a ofis tun farko ba. Idan bai sani ba, to shi a tsakiya yake, ya ji ƙorafin mahaifiyarsa ba tare da sanin mafarin zancen ba. Ki zaunar da shi ki warware masa, ki roƙe shi ya sa baki wajen Hajiya da kalma mai daɗi, ba wai ya kare ki kamar ana shari'a ba. Shi ne ma ya fi dacewa ki riƙa gwajin rahotonki a gabansa. Namijin da ya ga wahalar da matarsa take sha kafin ta tsaya gaban mutane yakan fi tausaya wa aikin.

Sai ki koma wurin shugabarki ki nemi minti 10. Ki gode mata da ta faɗa miki gaskiya, ki bayyana mata cewa a gidajenmu sauke ido girmamawa ce ba ɓoye-ɓoye ba, kuma kina aiki a kan murya da ɗaga kai. Ki roƙi ta ba ki gabatarwa ta gaba, ta kuma faɗa miki abu ɗaya da ya gyaru da ɗaya da ya rage. Ki tambaye ta sharuɗɗan ƙarin girma a rubuce, don kada gobe a sake auna ki da abin da ba a faɗa ba. Akwai kuma abin da nake so ki tuna mata cikin ladabi, domin ina ganin ke kanki ba ki san darajarsa ba. Aikinku a cikin gidajen mutane yake. Kano ta ga abin da rashin yarda yake haifarwa lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna daga 2003 zuwa 2004, kuma cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar dawo da yardar har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a 2020, akwai matan unguwa masu shiga gida-gida, waɗanda suka san yadda ake sallama, a tuɓe takalmi, a russuna wa tsohuwar gida kafin a kawo zancen allura ko awo. Ma'aikaciyar da za ta tsaya ƙerere a kan maigari tana kallonsa cikin ido ba za ta fito da komai ba. Ke kin iya wannan tun kina goye, kuma ƙungiyarku tana buƙatarsa kamar yadda take buƙatar mai iya magana da masu tallafi. Yadda kike Turanci a ofis ki dawo gida ki yi Hausa ba tare da kin rikice ba, haka idonki da zamanki za su saba da wurare biyun. A farko sai kin tuna wa kanki a bakin ƙofa, daga baya jiki zai riƙa yi da kansa.

Abu ɗaya nake so ki lura da shi a kanki. Idan nauyin haɗa ido bai tsaya kan manya da maza ba, har da ƙawayenki da ƙannenki, ko kuma duk lokacin da za ki yi magana a taro gabanki yana dukan uku-uku, gumi yana keto miki, kina kwana ba barci tun ana saura kwanaki, to wannan ya wuce kunya. Damuwa ce da likitoci suka sani kuma ana samun sauƙinta, ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara a asibitin koyarwa mafi kusa da ke, ba abin jin nauyi ba ne. Idan kuwa kin yi naki gyaran, wata 6 ko shekara ta wuce, aka ci gaba da tsallake ki ba tare da dalili a rubuce ba, ki fara duba sashen da ya fi hulɗa da jama'a a cikin ƙungiyar, ko wata ƙungiyar daban, kina riƙe da rahotanninki da takardun yabon da aka taɓa ba ki. Ki fara da zuwa wurin Hajiya a wannan makon, sauran za su fi sauƙi idan hankalinki ya kwanta a gida. Ki rubuto min yadda kuka yi da ita. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a aikinki.